Jinyar Lemun Babanmu

Duk faɗin Arewa, ƙasarmu ta Arawa, daga Sukukutane har ka dire Tibiri, ban ga wanda ya san ruwa kamata ba. Ba cika baki ba ne, baiwa ce, kuma mai baiwa in ya ɓoye ta ya yi wa Allah butulci. A rufe mini ido a ba ni ruwa a moɗa, in kurɓa sau ɗaya, in gaya maka rijiyar da aka jawo shi, da ko gugan na fata ne ko na roba, da ko matar da ta ja shi ta yi faɗa da mijinta da safe. An taɓa ba ni ruwan wani ƙauye a wurin suna, na kurɓa na ce akuya ta faɗa rijiyar nan bara. Suka ce tunkiya ce. Na ce a bincika da kyau, akuya ce ta raine ta.

Saboda haka ranar da aka gama haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a garkarmu, ba a tsaya shawara ba, ni aka miƙa wa moɗar farko.

Garkar ta babanmu ce, Allah Ya jiƙansa, tana can fadama a gindin dutse. Rijiyar da ya haƙa da hannunsa ta rufta wata damina mai ruwa, sai yayyena da ke aiki a Yamai suka haɗa ƙarfi suka turo masu injin haƙa. Ni da nake gida tun da na ajiye tuƙin motar ofis, aikina sa ido da ba da shawarar da ba a tambaye ni ba. Mutanen nan suka yi ta cusa ƙarfe cikin ƙasa, suna ɗaura wani a kan wani, har na fara tsoron kada su ɓullo a tsakar gidan wani a wata duniya. Da ruwa ya taso, garau kamar hawayen jariri, aka kafa faifan hasken rana, aka ɗora tanki, jama'a suka taru. Na karɓi moɗa, na rufe ido don a san ba wasa ba, na kurɓa, na juya shi a baki, na haɗiye.

Na ce, "Jama'a, ba don gudun saɓo ba, da na ce wannan ƙanen Zamzam ne. In aka ba busasshen icce, sai ya yi ganye."

Aka yi tafi. Ashe iccen da ke da ganyen ma, ruwan nan tuɓe shi zai yi.

A tsakiyar garkar akwai lemun tsami guda. Babanmu ne ya zo da dashensa daga Gaya ina yaro, a cikin fasasshiyar tukunya, ya rungumo shi a mota kamar jinjiri. Shi ya sa a gidanmu ba a lissafa shi cikin itatuwa, cikin dangi ake lissafa shi, kuma a gabana yake. Inna, mahaifiyarmu, ta tsufa har haƙori ɗaya ya rage mata yana gadin baki, amma ba ta shan koko sai an matsa masa lemun iccen nan. Tun da tsoho ya rasu, in na shiga gaishe ta da safe ba ta tambayar yadda na kwana. Sai dai, "Ya iccen malam?" In na ce lafiya lau, sannan ta tuna ta haife ni. Ranar da yayyena suka danƙa mini garka, a gabansu ta kafa mini sharaɗi.

"Tumatir da salati ka yi yadda ka ga dama, ko ka ba jakkai. Amma iccen ga, in ya mutu hannunka, ban yarda ka kama makarata ba."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Na san Inna. In ta faɗi magana, ko tana kan makarar sai ta ɗaga kai ta duba wa ke riƙe da ita.

Rani ya shiga, na yi ta ba lemu ƙanen Zamzam safe da yamma. Tumatir ya yi kumatu, kabeji ya naɗe kai kamar limamin Juma'a, salati kuwa sai ka rantse na roba ne don kyau. Shi lemu, sai tsofaffin ganyensa suka soma rawaya daga tsini. Daga nan gefen ganyen ya bushe ya yi ƙasa-ƙasa, kamar rigar da aka manta dutsen guga a kanta. Sai su murɗe su zube. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ya ƙara zubewa. Na ce to ƙishirwar babba ce, na sakar masa tiyo na tafi sallah.

Likitoci ba su yi wuya ba, don a Dogon Dutsi kowa likita ne in ciwon ba a gidansa yake ba. Na farko taubashina, ɗan gwaggona, wanda garkarsa ke jikin tamu. Shi yana nan da tsohuwar rijiyarsa da gugansa na roba. Ya leƙo ta kan shinge.

"Ɗan kawu, ni na san ciwon iccen ga. Surutunka ya ƙone shi. Ko ni da nike nesa, kunnena ya hwara rawaya."

Na ce, "Bawa ba shi sa baki gaban ubangidansa. Koma ka ja gugarka."

Wata tsohuwa mai tallar ganye, daga wajen Lugu take zuwa, ta zagaya iccen ta ce ba shakka injin haƙa ya fasa wa doguwa, aljanar wurin, ɗaki, sai an ba ta haƙuri da baƙar akuya. Wani saurayi mai kanti kusa da gidanmu, mai ɗangalallen wando, da ya ji haka ya ce wannan shirka ce tsagwaronta, a yi addu'a a tofa a ruwa a yayyafa. Ni mutum ne mai son zaman lafiya da kowa. Na tofa addu'ar na yayyafa, doguwa kuma na yi mata alkawari a zuci, ba akuya ba dai, kaza, ita ma sai na ga aiki. Ba wanda ya zo karɓar lada.

Icce ya daina ƴaƴa. Na shiga kasuwa na zaɓo lemu masu kama da namu, na goge su da bakin riga na kai wa Inna. Ta matsa, ta kurɓi koko, ta ture kwanon.

"Wanga ba na malam ba ne. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Inna. Ɗan zazzaɓi icce ke yi."

"To ni ma ina zazzaɓi. Ba ni ƙara taɓa lemu sai nashi."

Daga ranar take shan kokonta lami, tana kallona ta saman kwano.

Ana cikin haka ɗiyar yayata ta zo hutu daga Yamai. Yarinyar da na goya, na share wa majina da bakin rawanina, yanzu tana jami'a tana karatun abin da suke ce wa shimi, ilimin sanin me ke cikin me. Ta bi ni garka, ta tsinci ganyen lemu tana jujjuyawa, ta dubi tumatir, ta tambayi yaushe abin ya soma. Sai ta ciro kwalabe daga jaka ta cika su a bakin tiyo.

"Kawu, ina jin ruwan ne."

Na yi dariya har na dafa tanki. "Ɗiyata, ruwan ga ni na ɗanɗana shi da bakina."

"Shi ya sa zan aika da shi labo, ɗakin gwaje-gwaje," in ji ta.

Ta ba wani direban motar Yamai kwalaben ya kai wa abokan karatunta. Da amsa ta zo ta waya, ta same ni a inuwar da ta rage a gindin lemun.

"Boron ne, Kawu."

"Ɗan wane gari ne?"

Ta ce ba mutum ba ne, wani irin gishirin ƙasa ne da ke cikin duwatsun can ƙasa sosai, ruwa ke narkar da shi ya taho da shi. Tsohuwar rijiyarmu ba ta yi zurfin da za ta kai gare shi ba, foraj ya kai. Ta ce kowace shuka tana son ɗan kaɗan daga cikinsa, kamar gishiri a miya, amma in ya yi yawa wasu su jure wasu su kasa, kuma duk cikin masu kasawa lemun tsami ne sarkin raki. Icce ya sha ruwa, ruwan ya fita ta ganye ya bi iska, shi kuwa boron ba ya tashi, sai ya yi ta taruwa a tsinin ganyen har ya ƙone shi.

"Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma ɗan wanda ke cikin ruwan nan harshe ba ya jin sa."

"Harshen wa?"

"Harshen kowa, Kawu."

Na ce ai ranar na ji wani ɗan abu can ƙarshen maƙogwaro, kunyar baƙi ce ta hana ni faɗa. Ta ci gaba da duba wayarta. Yaran yanzu sun iya yin shirun da ya fi zagi ciwo. Na tambaye ta ni fa da na sha moɗa guda? Ta ce ba zan zubar da ganye ba, amma mu ci gaba da shan na famfon gari.

Na ce to a tafasa ruwan. Ta ce ruwa zai tashi ya bar boron, ya ƙara yawa ke nan. Na ce a tace da ƙyalle. Ta ce abin da ya narke, ƙyalle bai san da shi ba. Na ce a jefa alif, kamar yadda mata ke yi wa ruwan tabki. Ta ce alif laka yake kwantarwa, wannan ba laka ba ne.

"Bon, Kawu, ka san ƙarangiya? In ka ratsa daji da wando, kai ka wuce, ita ta manne. To a nan boron ne ƙarangiyar, mu kuma wando za mu ɗinka wa ruwa. Mu sa shi ya ratsa ta cikin wani abu da boron zai manne wa, ruwa ya fito ya bar shi a baya. Amma wando in ya cika, ba ya ƙara ɗauka. Sai a tuɓe a sa wani."

Wandon nata kuwa gawayi ne. Ta ce gawayi zalla ba ya kama abin kirki, sai an yi masa dabara, kuma dabarar gwaji take yi, ba ta rantse mini ba. Gawayin ƙwallon goruba take so, a daka, a jiƙa shi cikin ruwan bagaruwar majema, a shanya, a gauraya da ƙonannen ɓawon ƙwai. Ita ce mai ilimi, ni ne mai ƙafa, saboda haka ni na shiga gari neman kaya. Goruba da bagaruwa ba su ba ni wahala ba. Ɓawon ƙwai ne ya zubar mini da girma. Mutum mai furfura a gemu, tsohon direban ofis, ga shi da buhu yana bin teburan masu shayi a tasha yana cewa kada a zubar da ɓawo. Kafin la'asar labari ya kai unguwarmu cewa na taɓu. Kafin magariba an gyara labarin, an ce bokanci na soma, har wata mata ta aiko tana tambaya ko ina duban mijin da ya daɗe a Kwatano.

Muka sami tano, wato babbar ganga, aka huda gindinsa, aka shimfiɗa tsakuwa, sai yashi, sai gawayin nan da kauri, muka ɗora shi kan duwatsu muka ajiye wani a ƙasa yana tarar ruwa. Ruwan ba gudu yake ba, ɗiga yake, kamar mai rowa yana ba da sadaka. Ta ce haka ake so, in ya yi sauri ƙarangiya ba ta samun kamawa. Ga garka duka ba zai isa ba, amma ga icce ɗaya ya wadatar. Ta ɗebi ruwan tiyo a ƴar kwalba, na tano a wata, ta ɗiga wa kowanne wani magani. Na tiyo ya yi rawaya sosai, na tano ya yi ɗan fatsi-fatsi kawai. Ta daka tsalle kamar ba ɗiyar jami'a ba.

Ranar da za ta koma ta zaunar da ni kamar ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko. Ta nuna mini lokacin da zan riƙa canza gawayi, ta bar mini tulin sabo.

"Tsohon kuma, Kawu, ka zuba a buhu ka ajiye ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya taɓa shi. Kada ka zuba shi ko'ina. In na dawo zan auna."

Na ce ta je abinta, ta bar aiki a hannun masu shi.

Ba a daɗe ba lemu ya fitar da sabon toho, kore shar, ba rawaya ba ƙuna. Na kai wa Inna reshe guda ta shafa, ta ce, "To." A bakin Inna wannan kirari ne. A fadarmu ta shayi kuwa na ba da labari yadda ya kamata a ba da shi. Na ce ni na gano cutar da harshe, na ƙirƙiro maganin cikin dare ɗaya, yarinya ta riƙe mini kwalba. Na ce Nasara na nan tafe su koya. Wasu suka soma ce mini injiniya, ni kuma ban hana ba, don hana mutum faɗin gaskiya zunubi ne.

Sai lokacin canza gawayi ya yi. Na juye tano a ƙasa, na tsaya ina kallon abin da ya fito.

A nan sai mai karatu ya yi mini adalci. Mu Arawa ba mu zubar da baƙin abu. Toka, gawayin murhu, kashin awaki, sharar tsakar gida, duk abin da ya yi baƙi ya yi laushi, na gona ne. Ƙasarmu yashi ce, yunwa gare ta kamar ɗan makaranta, kowa ya san abin da ka ba ta shi take mayar maka. Babanmu in yana tafiya ya ga kashin jaki a hanya, sai ya waiga, in ba mai kallo ya sa a aljihu. Ya taɓa fasa zuwa ɗaurin aure don an ce maƙwabci zai kwashe jujin da ke tsakaninsu. Mu da aka raina a haka, in muka ga taki a buhu a ƙarƙashin rumfa yana zaman banza, jikinmu ƙaiƙayi yake.

To ga abu a gabana, baƙi wuluk, da danshi, da laushi, ga farin ɓawon ƙwai yana walƙiya a ciki kamar nama a miya. Ban taɓa ganin taki mai kyawunsa ba. Ga kuma maras lafiya a gefe, ya soma farfaɗowa, kowa kuwa ya san mai tashi daga ciwo abinci yake so. Na ce yarinyar nan aunawa ta ce za ta yi. Mai aunawa me zai yi da buhu? Likita ma in zai auna jini ba ya tsiyaye mutum duka. Ta yi karatu, ban musa ba, amma a Yamai ta girma, inda ake biyan mutum ya kwashe shara ya kai daji. Ina za ta san darajar taki? Na cika mata gwangwanin tumatir, na rufe na ajiye ƙarƙashin rumfa kamar yadda ta ce. Sauran na tona gindin lemu na zuba, na rufe da ƙasa, na bi shi da ruwan tano mai tsabta don ya ratsa sosai.

Taubashina yana kan shinge, idonsa kamar zai faɗo.

"Ɗan kawu, don zumunci, ɗan ɗibar mini in sa wa mangwarona."

Na ce, "Takin jami'a ne wanga. Ba a ba mangwaron da bai yi lakwal ba."

Ya tafi yana zagina da marowaci. Har yau mangwaron nan bai san rowata ce ta cece shi ba.

Ba a jima ba sabon tohon ya soma rawaya daga tsini. Na ce lalle gawayin tano ya cika da wuri, na canza shi tun lokaci bai yi ba. Tsohon kuma, tunda ga shi, na ƙara wa icce don ya sami ƙarfin yaƙi da cuta. Ya ƙara lalacewa. Na ƙara canzawa, na ƙara ciyarwa. Ban taɓa yin aiki tuƙuru kamar na wannan lokacin ba. Masu shayi suka gaji da ni, kajin Dogon Dutsi suka kasa biya mini buƙata. Icce kuwa ya yi ta tuɓewa har ya koma kamar kan taubashina, ƴan ganye a gefe, tsakiya fili. Ƙananan rassa suka bushe, in ka taɓa su karye. Ƴan fada suka daina ce mini injiniya, suka koma tambayar lafiyar Inna da wata irin murya.

Na kira ɗiyata na ce maganinta ya daina ci. Ta yi ta tambaya, ina canza gawayi? Ruwan tano kaɗai nake ba shi? Ba na sakar masa tiyo? Duk na amsa da gaskiya. Taki kuwa ba ta tambaya ba, ni ma ban ga abin faɗa ba, wa ke ba da labarin ya ba icce taki? Ta ce tana nan tafe.

Ranar da ta iso, Inna ta ce ita ma sai an kai ta garka. Rabonta da fadama tun tsoho na da rai. Aka yi, aka yi, ta ƙi. Taubashina ya kawo amalankensa, aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora ta, muka bi ta a baya kamar masu rakiyar amarya. Da aka sauke ta, ta dogara sanda har gindin iccen. Ta ɗaga kai ta dubi rassan. Ta sa tafin hannu a jikinsa ta bar shi a nan. Na jira zagi, har na shirya amsa, zagin bai zo ba. Ban taɓa jin tsoron Inna kamar ranar ba.

Ita kuwa ɗiyata ta ɗebi ruwan tano ta ɗiga maganinta. Fatsi-fatsi, kamar ranar farko. Ta sake, haka. Ta riƙe ƙugu tana zagaya iccen tana magana da kanta da Faransanci. Sai takalminta ya nutse. Ta duba, ta durƙusa, ta tona da yatsa, ta ɗago hannu baƙi ƙirin da ɓawon ƙwai a manne.

"Kawu, ina buhunan da na ce ka ajiye?"

Na je rumfa na ɗauko gwangwanin tumatir na miƙa mata da hannu biyu.

In ranta ya ɓaci ba ta ce mini Kawu, sai ta juya shi da Faransanci. "Tonton! Sauran fa?"

"Ga shi kina tsaye a kai. Taki ne, ɗiyata. Ke ba ki san noma ba, amma a Arewa..."

"Tonton, duk boron ɗin da muka cire, ina ya tafi?"

"Ya manne wa gawayi."

"Gawayin yana ina?"

Na dubi ƙasa. Na dubi sama. A sama ba ganyen da zan ɓuya a bayansa.

Ta ce abin da ya manne yana iya saki. Na binne shi a kan saiwa, na bi shi da ruwa safe da yamma, ya yi ta saki kaɗan-kaɗan yana komawa inda aka hana shi zuwa, kuma a tare, ba a warwatse kamar da ba. "Ka tsince ƙarangiyar daji kaf, ka tara, ka shimfiɗa wa maras lafiya a gado, ka ce ya kwanta ya huta."

Taubashina ya faɗi ƙasa. Ban ƙara gishiri ba, faɗuwa ya yi, yana birgima cikin salatina yana riƙe da ciki. "Injiniya! Ya kama ɓarawo bakin ƙohwa, ya kai shi ɗaka ya ba shi hura!"

Na ce a dai yi adalci, tun da aka kafa Arewa ba a taɓa kai mutum gaban alƙali don ya ba icce taki ba, kuma har gobe ina kan wannan magana. Ba wanda ya saurare ni. Inna ta nuna gindin iccen da sanda, kalma ɗaya ta faɗa: "Tona."

Muka tona. Da hannu, don kada hauya ta yanke saiwa. Ni da taubashina a durƙushe, shi yana tona yana dariya, ni ina tona ina zufa, ɗiyata tana tsaye tana nuna inda baƙi ya rage. Abin da muka fitar ya cika amalanke. Ni kaina sai da na yi mamakin ƙoƙarina. Aka kai shi can kan tudu nesa da kowace rijiya aka binne a busasshen rami, ina kallo, zuciyata na cewa kai, wannan taki. Muka cike gindin da sabon yashi, aka sare busassun rassa har icce ya koma kamar wanda ya fito daga hannun wanzami mai fushi. Ɗiyata ta ce yanzu sai a wanke ƙasar da ruwa mai yawa marar boron, tano kuwa ɗiga yake. Taubashina ya ce ga rijiyarsa, kyauta, sharaɗi ɗaya: ni zan ja gugan, kuma kowace guga in ce, "Na gode, ubangidana." Na ja. Na faɗa. Bayana bai sake miƙewa daidai ba har yau.

Sauran aikin damina ta yi shi. Ruwan sama ya zuba, ya wanke abin da guga ba ta kai ba. Ɓangaren yamma na iccen bai dawo ba, ya tafi ke nan. Na gabas ya yi shiru har na fara tunanin yadda mutum ke bin jana'izar uwarsa hannu a aljihu. Sai wata safiya na ga ƴan tsirai jajaye-jajaye a jikin reshe. Ban gaya wa kowa ba sai da suka zama ganye, ganyen ya tsufa, tsininsa bai yi rawaya ba. Tano na nan yana ɗiga, tsohon gawayi kuma yana shiga buhu, ɗiyata ta sa taubashina ya riƙa leƙawa, abin da ya fi masa sallah daɗi.

Sai da shekara ta zagayo ya yi fure. Ƴaƴan da ya riƙe ba su cika tafin hannu ba, ƙanana kamar ƙwan zabo. Duk tsawon lokacin nan Inna lami take shan kokonta. Na tsinko na farko da ya nuna, na sa babbar riga, na shiga ɗakinta da sallama irin ta masu dawowa daga yaƙi.

"Inna, ga na malam. Ba ƙaramin fama aka sha ba. Likitocin Yamai sun sallama shi, ni na ce ina, ba a hannuna ba. Ki tambayi gari, ba a taɓa jinyar icce irin wadda na yi ba."

Ta karɓa, ta shinshina, ta sa haƙorin nan nata guda ta huda shi, ta matsa a koko. Ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Ta shanye tas, ta lashe ludayi, ta ajiye kwano, sannan ta dube ni.

"Shi ne. Iccen ga ya ga shekarun yunwa, hwara ta sauka kansa, awaki sun ci ɓawonsa, bai ko girgiza ba. Kai ɗai ka kusa kai shi lahira, kuma da jinya. In ya sake ciwo, ɗana, don Allah don Annabi kada ka taimake shi."